Ƙanƙara

ƙànƙarā *sn., mc.* (ba jm.)

1. Ruwan da sanyi ya daskarar: *sa ~ a zoɓo.*

2. Dunƙulallen ruwan sama mai tauri: *~ ta ɓata dawa.*

3. ~r teku (*kmy.*) Ruwan teku da ya daskare, wajen −1.8°C, a tekun Aktik da kewayen Antaktika. Gishiri ba ya shiga ƙwayarta. Abubuwan da ke maƙale cikin ~r:
(a) aljihun ruwan gishiri: ƙananan kogunan da galibi ba su kai milimita 1 ba. Sanyi na tsuke su, gishirinsu ya ƙaru; ɗumi na faɗaɗa su, su haɗe su zama magudanai. Gansakuka na rayuwa ciki.
(b) kumfar iska: tana warwatsa haske, ~r ta yi fari: *tsohuwar ~r teku ta fi kumfa, gishirinta ya tsiyaye.*

*Dang.:* dusar ~, daskàrē *fi.*, daskararre *sif.*