Rubutun Kan Kaburburan Rumawa a Matsayin Hujja ga Mai Nazarin Harshe

Dokokin Alluna Goma Sha Biyu, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa, sun hana binne gawa ko ƙona ta a cikin birnin Rum. Wannan ne ya sa kaburbura suka jeru a gefen manyan hanyoyin da ke fita daga birnin, musamman hanyar Appia. Da yake mamaci ya zama maƙwabcin matafiyi, sau da yawa rubutun da ke jikin dutsen kabari da mai wucewa yake magana, yana roƙonsa ya tsaya ya karanta.

Rubutun yana da tsararriyar ƙa'ida. Akan buɗe da haruffan D.M., wato sadaukarwa ga ruhohin matattu, sai sunan mamaci da shekarunsa. Wasu kan rufe da S.T.T.L., addu'ar kada ƙasa ta yi wa mamaci nauyi.

Abin lura shi ne, da yawan masu waɗannan duwatsu 'yantattun bayi ne da masu sana'a. Misali, kabarin Yurisases mai gasa burodi, wanda aka gina a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, har yanzu yana tsaye kusa da ƙofar Maggiore. An sassaƙa ma'aikata a jikinsa suna niƙa, suna kwaɓi, suna gashi, suna awo. Mutumin bai ji kunyar sana'arsa ba ko a kabari.

A duwatsun masu ƙaramin ƙarfi kuwa, masassaƙi kan rubuta kalma yadda kunnensa ya ji ta. Sai a ga bixit a maimakon vixit, wato ya rayu, ko e a gurbin ae, ko a yar da m ta ƙarshen kalma. Da irin waɗannan kurakurai masana suke bin sawun Latin ɗin baka, wanda ya haifi Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci. A ganina, a kan wannan batu kuskuren masassaƙi ya fi gogaggen zuben Sisero amfani. Kundin Corpus Inscriptionum Latinarum, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1863 ƙarƙashin jagorancin Theodor Mommsen, shi ya tattara su.

Sai dai a yi hattara. Daskararrun jimlolin kabari sukan riƙe tsohon rubutu bayan furuci ya sauya, kuma wani kuskuren tuntuɓen hannu ne kawai. Ba a kafa hujja da shi sai an ga ya maimaitu a duwatsu da dama.