Idan Iblis Ne Bos: Fina-finan Yaƙi da Shaiɗan da Tashin Duniya a Ma'aunin Mai Kallo na Birnin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki fina-finan Amurka uku da jarumansu ke gwabzawa da Iblis ko mala'iku don hana tashin duniya, wato End of Days na 1999, da Constantine na 2005, da Legion na 2010, ta ɗora su a kan ma'aunin da mutumin birnin Zariya ya gada daga makarantar zaure da waƙoƙin wa'azi da littattafan da aka buga a garinsa. Nazarin ya nuna ɓangarorin biyu sun yarda akwai Shaiɗan, akwai kuma ranar ƙarshe. Inda suka raba gari shi ne kan abin da ɗan Adam zai iya yi game da su.

Gabatarwa

A shagunan cajin waya da tura fina-finai, irin waɗanda ake gani daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, ciniki ba ya ɗaukar lokaci. Saurayi zai miƙa memori, ya ce a tura masa na faɗa, mai fassara idan akwai. Mai shago ya buɗe kwamfuta, ya ja na Indiya da na Sin da na Amurka ya zuba masa. Ƙa'idar fim ɗin faɗa kuwa ko yaro ya haddace ta: akwai jarumi, akwai bos, kuma komai daren daɗewa jarumi zai kashe bos. Tambayar da maƙalar ke bi ita ce, me ke faruwa da wannan ƙa'ida idan bos ɗin Iblis ne, mai kallon kuma ya taso a Unguwar Juma ko Unguwar Kona, inda karatun zaure ya yi kaka-gida?

Tsoron allon kallo tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya kawo yadda mutanen Kano suka taɓa kiran majigi da suna dodon bango, da yadda gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta zama wa mutane da yawa hujjar fushin Ubangiji. Wato tun kafin a nuna Shaiɗan a fim, an riga an zargi fim ɗin kansa da zama aikin Shaiɗan.

Abin da fina-finan suka ƙunsa

A End of Days, wanda Peter Hyams ya ba da umarni, Shaiɗan ya shiga jikin wani ma'aikacin banki a New York, yana neman wata budurwa mai suna Christine York domin ya samu ɗa da ita a sa'ar ƙarshe ta shekarar 1999. Arnold Schwarzenegger, wanda matasa suka fi sani da Kwamando, ya fito a matsayin Jericho Cane, tsohon ɗan sandan da ya yanke ƙauna daga Allah bayan an kashe masa mata da 'ya. Ya zazzaga wa Shaiɗan harsasai, ya harba masa gurneti, jikin ya tarwatse, amma Shaiɗan bai mutu ba. A ƙarshe, cikin coci, Jericho ya jefar da bindigarsa ya roƙi Allah ƙarfi. Da Shaiɗan ya shige shi, sai ya faɗa kan takobin wani mutum-mutumin mala'ika, ya mutu, sa'a ta wuce, duniya ta tsira.

Constantine na Francis Lawrence ya fi wannan nisa. Keanu Reeves na yawo da bindiga mai siffar gicciye, Iblis na da ɗa mai neman ƙwace duniya, wanda ke taimaka wa ɗan kuma shi ne mala'ika Jibrilu. Legion kuwa cewa ya yi Ubangiji ya gaji da mutane ya turo mala'iku su shafe su, Mika'ilu ya bijire, ya sauko ya ɗauki bindiga ya tsaya wa 'yan Adam.

Inda aka raba gari

Ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta babin aƙida na Risala ta Ibn Abi Zaid, ya kuma saurari tafsirin watan azumi, yana da amsa ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan. A wurinsa Iblis aljani ne, kamar yadda Suratul Kahfi ta bayyana, mala'iku kuma ba sa saɓa umarni, don haka Jibrilu maci amana ko Mika'ilu ɗan tawaye abu ne da hankalinsa ba zai ɗauka ba. Surorin A'arafi da Hijri sun kawo cewa Iblis ya roƙi jinkiri an kuma ba shi. Wanda Allah ya yi wa jinkiri, wane jarumi ne zai gaggauta masa ajali? Makaminsa waswasi ne, maganinsa neman tsari. Wuri guda da Musulmi ke ɗaga hannu a kansa shi ne Mina, wajen jifan Shaiɗan, da tsakuwa bakwai-bakwai waɗanda ba su wuce ƙwayar wake ba, kuma malamai kan ja kunnen alhazan da zuciya ke ɗiba su cire takalmi su jefa cewa ibada ake yi, Iblis ba ya cikin ginin.

Batun ranar ƙarshe ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne mai wannan nazari yake ganin giɓin ya fi faɗi. Fina-finan uku duka sun ginu a kan cewa tashin duniya shiri ne da namijin ƙoƙari zai iya wargazawa. A karatun zaure kuwa Sa'a alkawarin Allah ce, ba wanda ya san lokacinta sai Shi, ba kuma mai ɗaga ta. Hatta Dujal, wanda shi ne mafi kusa da bos a wannan labari, hadisi ya riga ya faɗi mai kashe shi da wurin: Annabi Isa, a ƙofar Ludd. Rabon talaka shi ne ya haddace ayoyi goma na farkon Kahfi, ya nemi tsari daga fitinar Dujal bayan tahiya.

Ko lissafin lokacin ma ba ɗaya ba ne. End of Days ya juya lambar 666 ta koma 999 domin ta dace da 1999, shekarar da Turawa suka cika da fargabar shiga sabon ƙarni. Fargabar ƙasar Hausa kan bi kalandar Hijira. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu kan alamomin Sa'a, ya kuma fito fili ya ce shi ba Mahadi ba ne. Gab da shekarar 1300 ta Hijira Mahadin Sudan ya bayyana, a 1881. Zuwan Nasara ya sa dubbai suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya zuwa gabas har aka tare su a Burmi a 1903, sannan aka yi tawayen Satiru a 1906. Mutanen da kakanninsu suka bar gida da gona saboda sun ga alamar ƙarshen zamani ba baƙin wannan tsoro ba ne. Abin da tarihi ya nuna shi ne sun amsa shi da hijira da tuba da jiran Mahadi.

Gadon Zariya

Kada a ɗauka Bazazzagi baƙo ne ga labarin jarumi mai dambe da halittun ɓoye. A Zariya ne Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma Ganɗoki, bayan ya gama da Nasara, duniyar aljanu ya faɗa da takobinsa. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi sahu. A waje guda kuma akwai Aliyu Namangi, makahon sha'irin Zariya da ya rasu a 1990, wanda Imfirajinsa ta zana mutuwa da kabari da hisabi da hotunan da suka fi na allo tayar da tsikar jiki. Abin lura shi ne an ware hanyoyin biyu. Littafin jarumta na barin mutum ya sari aljani da dodo. Waƙar wa'azi na kai shi filin ƙiyama, amma tsirara, ba takobi ba garkuwa. Fina-finan Amurka sun haɗa hanyoyin a tukunya ɗaya, sun ba mutum makami a filin da adabin Hausa ya karɓe masa shi.

Wannan rabo ne fim ɗin Hausa ya gada tun daga Turmin Danya na 1990. Idan an zo ga abin ɓoye, ana tsayawa kan boka da matsafi da aljanin da ya shiga jikin mace, sai malami ya zo da carbi da ruƙiyya. Yanayin ya samu ƙarfi a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aljanu suka riƙa buge 'yan mata a makarantun Kano, abin da Susan O'Brien da Conerly Casey suka yi nazari a kai, masu ruƙiyya kuma suka fara ture 'yan bori gefe. Hukumar tace fina-finai ta Kano, da aka kafa a 2001, ta ƙara ja wa masu shiri layi kan abin da ya shafi addini. Wasu ƙasashen Musulmi ma haka suka yi: Siccin na Turkiyya a 2014 da Munafik na Malesiya a 2016 duk kan sihiri da aljanu da ruƙiyya suka tsaya. Da Netflix ta saki Messiah a 2020, Musulmi da dama sun ce Dujal ake tallatawa, shirin kuma bai wuce zango ɗaya ba.

Saura wuri ɗaya da al'adun biyu ke haɗuwa baki da baki, wato bakin mai fassara. Shi ne zai yanke, cikin daƙiƙa, ko ya kira halittar da ke allo Shaiɗan, ko aljani, ko dodo, ko ya ce da mala'ikan fim wani suna daban don kada ya yi saɓo. Waɗannan fassarori a memori da waya suke rayuwa, ana goge su da zarar sabon fim ya fito. Daga birni zuwa Samaru, inda jami'a take, tafiya ce ta 'yan mintoci, don haka ana kira ga masu nazarin harshen Hausa da wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da su shiga shagunan nan su kwashi fassarorin su adana tun ba a share su ba.