Iyali da Kallon Kiɗa a Ƙasar Hausa: Jiya da Yau

Gabatarwa

A yau idan magidanci ya ji an yi shelar cewa wani shahararren mawaƙi zai yi wasa a gari, kuma yana sha'awar ya je da maiɗakinsa da ƙananan 'ya'yansu, abubuwa uku ne za su sha masa gaba: kuɗin shiga, da tsakar daren da za a kai ana wasan, da kuma irin wurin da za a yi shi. Galibi ƙarshen maganar shi ne ya tafi shi kaɗai, ko kuwa kowa ya haƙura. Mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil azal, watau kallon kiɗa harkar manya ce, yaro ba shi da rabo a ciki. A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin nuna cewa tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. A da, kiɗa ne yake iske iyali har inda suke, kuma raba yaro da makaɗi baƙon abu ne da bai cika shekara ɗari da shigo mana ba.

Kiɗan da Ba Shi da Ƙofa

Bari mu fara da fada. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka fara busa kakaki a Kano. To, shi kakaki da tambari da algaita kayan sarki ne, ba a yi wa talaka su, amma kunnen talaka ba a toshe shi ba. A garuruwa irin su Zariya, makaɗan fada sukan taru a ƙofar gidan sarki daren Jumma'a su yi abin da ake kira sara, kuma duk wanda yake kusa zai iya tsayawa ya saurara. Ranar hawan salla kuwa gari ne yake fitowa kwansa da kwarkwatarsa. Uba yakan saɓa ɗansa a kafaɗa don ya hango masu kakaki, 'yan mata kuma su jeru a bakin hanya da ƙannensu a goye.

Bayan fada sai kiɗan sana'a. Manoma suna da gangar noma da ake kaɗa musu ranar gayya, mahauta suna da kalangu, 'yan dambe da 'yan kokawa kowa da nasa take. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, sai samari su shirya kalankuwa, a gayyato makaɗa daga ƙauyukan da suke kewaye a kwana ana wasa. Duk waɗannan a sarari ake yin su, a gona ko a kasuwa ko a dandali. Babu mai tsaron ƙofa domin babu ƙofar. Ladan makaɗi yana fitowa ne daga kyautar wanda aka wasa, saboda haka yaron da ba shi da ko anini yana iya kutsawa har gaban mai kalangu ya zauna.

Kada mai karatu ya ɗauka malamai sun zuba wa wannan hali ido. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya jagoranci jihadin 1804, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba tare da wani dalili na shari'a ba a cikin laifuffukan sarakunan Hausa, a littafinsa Kitabul Farƙi. Malaman jihadi sun kuma yi suka mai zafi a kan cuɗanyar maza da mata a wurin rawa. Duk da haka kiɗan biki da na sana'a da na dandali bai mutu ba. Shaida a kan haka ita ce labarin Baba ta Karo, wata tsohuwa daga ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954. Baba ta yi ƙuruciyarta kafin zuwan Turawa, kuma ta ba da labarin yadda 'yan mata suke zuwa rawa ranar kasuwa, makaɗa suna yi musu kiɗa.

Kiɗan Cikin Gida

Matar aure da take cikin kulle ba ta zuwa dandali, amma wannan bai raba ta da kiɗa ba. Mata suna da shantu, suna da lugude idan ana daka, sa'an nan suna da amada, watau kiɗan ƙwarya da ake yi ranar wunin biki ko suna. Akan kifa ƙore a ƙasa, wata kuma a kifa ta a kan ruwa, a riƙa kaɗawa, zabiya tana waƙa ana amsa mata. A irin wannan taro babu matar da take barin jaririnta a gida. Yana bayanta ɗaure da majanyi tana rawa, na yaye kuma suna riƙe da gefen zane. Saboda haka zan iya cewa filin kallo na farko da ɗan Bahaushe yake zuwa shi ne bayan uwarsa. Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, daga irin wannan tsakar gida suka fito, kuma yawancin waƙoƙin Barmani a kan zaman gidan ne: kishi, da haihuwa, da kiran mata su kama sana'a.

Daɗin daɗawa, yaran kansu ba 'yan kallo kawai ba ne. Idan farin wata ya fito 'yan mata sukan yi gaɗa, tafi ne gangarsu. Idan azumi ya kai kwana goma sai tashe ya kankama, yara su bi gida gida da wasanni irin su Macukule da Jatau Mai Magani, da gwangwani a matsayin ganga. A nan abin ya juya, yara ne masu wasa, iyaye ne masu kallo da ba da kyauta.

A gidajen da kiɗa yake gado kuwa, filin wasa shi ne makaranta. Alal misali, Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, tun yana ƙaramin yaro yake bin mahaifinsa wurin kiɗan noma yana amshi, daga nan ya girma ya zama gawurtaccen makaɗin fada mai kotso, shi ma kuma 'ya'yansa suka tashi a cikin 'yan amshinsa. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da an hana yara zuwa wurin kiɗa a wancan zamani, da ba mu sami Ɗanƙwairo ba.

Lokacin da Aka Yi wa Kiɗa Ƙofa

Zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20 ya kawo jirgin ƙasa da aikin albashi da sababbin unguwanni a bayan ganuwa. Garuruwa irin su Kaduna da Jos suka cika da leburori da sojoji da ma'aikata, da yawansu gwagware ne ko kuma sun baro iyali a gida. Waɗannan mutane suna da kuɗi a aljihu ƙarshen wata, kuma suna neman inda za su huta. Sai aka buɗe musu otal da kulob da gidajen silima. A Kano, silimar Rex ta fara aiki a 1937. Ba a daɗe ba masu shirya wasa suka gane cewa wurin da yake da katanga da ƙofa ɗaya ya fi dandali kawo kuɗi, domin ba mai shiga sai ya yanki tikiti.

A nan ya kamata a yi adalci. Wannan canji ya amfani makaɗi ƙwarai, domin ya fitar da shi daga dogaro da ubangida guda. Alhaji Mamman Shata, wanda ya fara waƙa a dandalin Musawa da kiɗan asauwara, ya zagaye ƙasa da kalangunsa yana yi wa sarki da direba da ɗan kasuwa waƙa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗanmaraya Jos, maraya mai kuntigi, ya kai waƙarsa har ƙasashen waje. Ahmadu Doka da kukumarsa, da Haruna Uji da gurminsa, duk sun ci moriyar wannan zamani.

Amma iyali sun yi hasara. Wasan ya koma na dare, ya koma na kuɗi, kuma ya koma wuraren da jama'a suke ɗauka matattarar 'yan iska ne, wasunsu ma ana sayar da giya a ciki. Mutumin kirki ba zai kai matarsa can ba, balle ɗansa. Ko shi kansa yakan saci jiki ne ya je. Ta haka aka sami kiɗa iri biyu, na gida da mata da yara suke gani, da na waje da maza kaɗai suke gani, kuma manyan mawaƙan zamani suka fi yawa a kashi na biyu.

Abin da ya ɗan rage wannan giɓi shi ne akwatin rediyo. An kafa tashar rarraba shirye-shirye ta waya a Kano a 1944, gidan rediyon Kaduna kuma ya fara aiki a 1962. Ga garmaho da faifai, sa'an nan kaset ya zo ya game gari a shekarun 1970. Ta wannan hanya muryar Shata ta shiga ɗakin matar kulle, yara suka haddace waƙoƙinsa ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Sai dai gani ya kori ji. Wanda ya saurari kaset bai ga yadda mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata yana sauya murya ba, bai kuma ga yadda mawaƙi yake hango mutum a cikin taro ya ƙirƙira masa baiti nan take ba. Manyan bukukuwan gwamnati, kamar hawan dabar da aka yi a Kaduna lokacin FESTAC a 1977, sun riƙa maido da kiɗa sarari da rana tsaka, amma irin waɗannan jefi-jefi ne.

Zamanin Fiyano

Daga 1990, shekarar da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano, aka shiga wani sabon babi. Waƙar fim ta maye gurbin waƙar makaɗa a kunnen matasa, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, fiyano kuma ya tattare aikin kalangu da kotso da algaita ya zuba a akwati guda. 'Yan fim suka shiga shirya wasannin gala, hukuma kuma ta sa ido a kansu, musamman bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda canjin ya bi kiɗa har cikin gida. A birane, wunin biki da ake yi a tsakar gida ya koma zauren haya, ana shiga da katin gayyata, wani katin ma a rubuta a jikinsa cewa ban da yara. Maimakon mai amada da ƙorenta, sai a ɗauko mai saka waƙa a na'ura. Ko inda aka gayyato mawaƙi, sau da yawa waƙar da ya riga ya naɗa a situdiyo ake sakawa yana bi. Ga kuma ƙarar lasifika. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kada matsakaicin ƙara a wurin wasa ya wuce desibel 100, kuma kunnen jariri ba ya ɗaukar abin da na babba yake ɗauka. Ƙwarya ba ta taɓa kurumta goyo ba, amma uwar da ta zauna kusa da lasifika da ɗanta a baya tana yi masa illa ba ta sani ba. Yaron yau ya fi kakansa jin waƙa nesa ba kusa ba, domin wayar hannu tana gidan kowa, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa zama a gaban makaɗi yana kallon hannunsa.

Kammalawa

Ba ina cewa duk abin da aka yi a dandali alheri ba ne. Akwai batsa a wasu waƙoƙin amada, akwai faɗan samari a kalankuwa, kuma iyaye na da ma sun san wurin da suke hana 'ya'yansu zuwa. Abin da nake cewa shi ne, a wancan tsari akwai wuraren da aka ware wa iyali, kuma a nan ne yaro yake tsintar kirari da habaici da karin magana da sunayen sarakunan garinsu, tun kafin ya iya rubuta baƙi. Mu ɗaliban Hausa yanzu muna zaune a aji muna nazarin waƙoƙin Narambaɗa a takarda, muna tambayar malam ma'anar kalmomin da ɗan shekara bakwai ya sani a da.

A ganina gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ana iya shirya wasa da rana, tsakanin la'asar da magariba, a fili mai tsabta, da kuɗin shiga kaɗan, a bar yara su shiga kyauta, a rage ƙarar lasifika, a kuma gayyato makaɗan da suke kaɗawa da hannunsu. Taron al'adu da ƙungiyoyin ɗalibai suke yi duk shekara, da Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, dama ce ta gwada haka, in dai za a buɗe ƙofa ga malamai da ma'aikata da maƙwabtan jami'a su zo da iyalansu. Har yanzu akwai masu kalangu da kotso da ƙwarya a raye, amma yawancinsu sun manyanta. Idan ba a kawo yara gabansu yanzu ba, nan gaba sai dai a nuna musu kayan kiɗan a gidan tarihi. Allah ya sa mu dace, amin.