Ranar Da Aka Cire Jahun Daga Nijeriya Ta Rediyo

Da asubahin Lahadi, 22 ga Afrilu, 1990, ana cikin goman ƙarshe na azumi, sojojin Manjo Gideon Orkar suka kama gidan rediyon tarayya na Legas, ya yi shelar cire jihohin Sakkwato, Barno, Katsina, Kano da Bauchi daga Nijeriya. A lokacin Jahun tana ƙarƙashin Kano. Ke nan mu ma an sallame mu da murya kawai! Kafin dare Janar Abacha ya ƙwace iskar, ya sanar da murƙushe juyin.

A 2013 kuwa sojoji toshe iskar suka yi: suka katse layukan waya a Barno, Yobe da Adamawa don raba 'yan Boko Haram da juna. Mai naƙuda ma ta rasa hanyar kiran mota.