Daga Huhun Goro Zuwa Kafson Gahawa

Bara, da alhazai suka dawo, wani injin haɗa gahawa ya shigo gidanmu a Boɗinga cikin kayan tsaraba. Ɗan ƙarami ne, baƙi mai ƙyalli, ya zo da kwali biyu na kafso, wato 'yan mitsi-mitsin gwangwanayen da ake ɗura garin gahawa a ciki a liƙe bakinsu. A jefa ɗaya, a danna maɓalli, kafin minti guda kofi ya cika har da kumfa. Mun yi mako guda muna kiran maƙwabta su zo ɗanɗano. Da kafso na ashirin ya ƙare sai aka aika Sakkwato, ɗan aike ya zaga kantuna ya dawo hannu rabbana. Yau injin yana cikin kabet tare da tangaran ɗin da ba a taɓawa sai an yi baƙi.

Muna ba da wannan labari ne don mun ga matasanmu, daga Boɗinga har Shagari, suna duba hotunan irin waɗannan injuna a waya suna tambayar wanne ya fi araha. Tambaya ce mai kyau, amma akwai wadda ta riga ta, kuma kakanninmu sun san ta sarai: abin da za a riƙa zuba wa injin, ta wace hanya zai zo, kuma wa ke riƙe da hanyar?

Titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega ya girmi kwalta nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma yana nan kusa da shi a Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Malamai da almajirai da fatake sun yi ta kai da komowa a wannan yanki. A daular da ta hana giya, abin da mai karatun dare da mai tafiyar rana suka dogara da shi don korar gyangyaɗi shi ne goro. Sinadarin da ke wartsakar da mai shan gahawa, wanda ake kira kafin, shi ne dai a cikin goro.

Sai dai goro ba ya fitowa a ƙasarmu. Itacen kurmi ne, mafi kyawunsa a wancan zamani daga ƙasar Asante yake, a Gana ta yau, ana sayen sa a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarkin Nufe ya aika wa Sarauniya Amina goro 10,000, ya kuma ce tun ƙarni na 15 fataken Gwanja suke zuwa ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 ayari kan tashi da jakuna ƙarƙashin madugu, ɗauke da tufafi da fatu da kanwa, ya haye Kwara, ya ratsa Bargu, ya isa Salaga bayan watanni. A dawowa ana naɗe goron cikin ɗanyen ganye a huhu, ana kwancewa a kai a kai a tsince wanda tsutsa ta taɓa, a yayyafa ruwa a sake ɗaurewa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan fatauci, kasuwar Jega kuma ta zama babbar matattara. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma bi daga Sakkwato zuwa Gwandu a 1853, ya lura cewa goro ya zama wa mutanenmu abin dole kamar yadda shayi da gahawa suke ga mutanensa.

Kowane sarki a kan hanyar yana karɓar nasa haraji, kuma duk rikicin da ya tashi can sai an ji shi a bakin mai cin goro a nan. Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, Salaga ta kuɓuce daga hannunsu, goro ya ja baya daga kasuwarta, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Fatake suka koma ɗaukar goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, da layin dogo ya iso Kano a 1911 kuma tsohuwar hanyar jakuna ta fara mutuwa. Daga baya manoman ƙasar Yarabawa suka dasa irin na Gwanja da yawa, Shagamu ta zama cibiyar cinikinsa. Hanya ta sauya sau da dama, amma mai cin goro bai taɓa makalewa ba, domin haƙoransa ba su tambayar daga ina goron ya fito. In babu daushe ya ci sabo, in babu marsa ya ci minu.

Ita gahawa tata hanyar daban ce. Asalin itacenta Habasha, sufayen Yaman ne suka shahara da shan ta a ƙarni na 15 don raya dare da zikiri. Ta isa Makka har aka taɓa hana ta a 1511, hanin da bai daɗe ba. Sunanta ma daga Larabci muka aro shi. Alhazanmu na ƙasa, masu ratsa Sudan shekara da shekaru, sun san ta a can. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mutanen Sakkwato da suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru sun zauna a gaɓar kogin Nilu, cikin al'ummar da ke soya gahawa a kan gawayi, ta daka ta a turmi, ta dafa ta da citta a 'yar butar da ake kira jabana. Duk da haka gahawa ba ta zauna a gidajenmu ba. Abin da ya zauna shi ne shayi, na teburin mai shayi a bakin tasha da kuma ataya ta Buzaye mai zubi uku. Gahawar da akasarinmu muka fara sani ta gwangwani ce, Nescafé, wadda kamfanin Nestlé ya fito da ita a Suwizalan a 1938. Mai shayi ya ɗebi rabin cokali ya ƙara wa direban da zai kwana a hanya.

Kamfanin nan dai shi ya kawo kafso. Wani injiniyansa mai suna Eric Favre ya ƙirƙiro dabarar a 1976, aka kafa Nespresso a 1986. Dabarar cinikin ita ce a sayar da inji da sauƙi, a ci riba a kafso, domin inji sau ɗaya ake saye, kafso kuwa kullum. Kowane tsari yana da nasa bakin: kafson Nespresso ba ya shiga Dolce Gusto, na Dolce Gusto ba ya shiga Keurig na Amurka. A nan bambancin yake da goro. Wanda ya sayi inji ya ɗaure kansa ga madugu ɗaya, kuma madugun nan da kuɗin waje yake sayo kayansa. Duk lokacin da naira ta faɗi, kofin safe ya tashi.

Ga abin da kabet ɗinmu ya koya mana. Da farko a yi lissafi kafin a duba farashin inji. Kofi biyu a rana kafso 730 ne a shekara, kwali 73 ke nan in goma-goma ne, kuma kowane kafso na ƙaramin kofi bai wuce giram 5 zuwa 6 na gari ba. A tambayi kuɗin kwali ɗaya a ninka, sannan a ga ko injin na da araha. Na biyu, a zaɓi tsarin da kamfanoni da yawa ke yi wa kafso. Haƙƙin mallakar tsohon samfurin Nespresso ya ƙare, wasu kamfanoni suna yin kafson da ke shiga cikinsa, akwai ma na ƙarfe da mutum zai ɗura wa garinsa da kansa ya wanke ya sake. Sabon samfurinsu Vertuo kuwa yana karanta wata lamba a jikin kafso, don haka zaɓi a can ƙanƙane ne. Na uku, wuta. Galibin waɗannan injuna suna jan wat 1,200 zuwa 1,500 lokacin dafa ruwa, ƙaramin janaretan da ke kunna mana fanka da talabijin ba zai ɗauka ba, ƙaramar sola ma haka. In daga Amurka aka aiko shi, a duba jikinsa tukuna, don nasu na bolt 120 ne, namu 230. Na huɗu, ruwa. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai barin farin ɓawo a gindin buta zai bar shi a cikin bututun inji, sai an riƙa wankewa da maganin da aka yi don haka.

In lissafin bai fita ba, akwai tsofaffin hanyoyi. Butar moka da Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933 tana hawa kan gas ko gawayi, jabana ma haka, kuma kowane garin gahawa suna karɓa, har da wanda ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida, nagari kuwa a nan shi ne wanda ba zai tsaya ba ranar da motar Abuja ba ta zo ba.

Mu dai mun aika Kano a nemo mana kafson ƙarfe guda biyu. Kafin su iso, baƙon da ya zo gidanmu shayi yake samu, kakarmu kuma ta kwance gefen zanenta ta ɓara masa goro, ta ce masa, “Ɗan nan, ci wannan, shi bai san ɗauke wuta ba.”