Tarihin Kurmin Bakin Teku a Kudancin Nijeriya

A inda Kogin Kwara yake rarrabuwa kafin ya shiga teku, akwai wani irin itace da ake kira mangurof. Yana tsirowa cikin laka da ruwan gishiri, saiwoyinsa kuwa suna tsaye a fili kamar ƙafafun gizo-gizo. A duk Afirka babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan wannan kurmi. Tun zamanin kakanni, Ijo da Ogoni da Efik sun dogara gare shi, gama a cikin saiwoyinsa ne kifi da ƙaguwa da jatan lande suke hayayyafa, shi ne kuma yake riƙe gaɓa kada teku ya cinye ta. Busasshen jatan lande na wannan yanki yana kaiwa har kasuwannin Arewa.

A shekara ta 1906 Turawan mulki suka kawo wani irin kwakwa mai suna nipa daga Singafo, suka dasa shi a Kalaba domin ya tare zaizayar ƙasa. Ruwa ya yi ta kwasar 'ya'yansa yana yaɗa su har gaɓar Kamaru. Duk inda aka sare mangurof, sai nipa ya riga shi kama wurin. Masunta kuwa suna kukan cewa kifi ba ya zama a gindinsa.

A shekara ta 1956 aka sami man fetur a Oloibiri. Aka sare kurmi domin shimfiɗa bututu, mai kuma ya riƙa malala. A shekara ta 2008 bututun Shell ya fashe kusa da Bodo a ƙasar Ogoni, mai ya toshe saiwoyin da itatuwa suke numfashi da su, suka bushe. A 2015 kamfanin ya yarda ya biya mutanen Bodo diyyar fam miliyan 55. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Allah ya danƙa wa ɗan Adam ƙasa amana ce, domin ya ci moriyarta ya kuma kiyaye ta. Diyya takan share hawaye, amma masuncin Bodo sai itace ya sāke girma kafin komarsa ta cika.