Ƙananan Jiragen Yaƙi na Zubi: Daga Injin Ɗab'i Zuwa Kabad ɗin Gilashi

A Turai da Amurka da Japan akwai dattawa masu furfura da ke kashe kuɗi mai yawa wajen tara ƙananan jiragen yaƙi na ƙarfe, waɗanda tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba. Sukan jera su a kabad ɗin gilashi, su riƙa kakkaɓe musu ƙura da burushi mai laushi. Mai karatu zai iya cewa ai wannan wasan yara ne, irin motar langa-langa. To amma tarihin waɗannan 'yan jirage ya ratsa ta injin ɗab'i, da kimiyyar ƙarafa, da Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a cikinsa akwai wata cuta da ke cin ƙarfe har ya rududduge. Bari mu bi shi daki-daki.

Asalin zubin

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya san tushen abin: a narka ƙarfe, a zuba a mazubi, ya huce, a ciro. Su mazubinsu na ƙasa ne, sai an sake shirya shi a kowane zubi. A masana'anta kuwa da ƙarfe mai tauri ake sassaƙa mazubin, gida biyu, a haɗe su gam, sannan inji ya tura narkakken ƙarfen ciki da matsi mai ƙarfi. Matsin nan ne ke cusa shi kowane lungu da saƙo, har layin da bai kai kaurin gashi ba ya fito. Cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama, kuma mazubi ɗaya kan yi zubi dubbai ɗaruruwa kafin ya gaji.

Ba don kayan wasa aka ƙirƙiro dabarar ba. Masu ɗab'i ne suka fara ta a ƙarni na 19, don zuba haruffan dalma da ake jerawa a buga littafi. A baje kolin duniya na Chicago a 1893, wani mai buga mujalla, Samuel Dowst, ya ga injin Linotype yana zuba layin haruffa, sai ya lura cewa abin da ya zuba harafi zai iya zuba maɓallin riga da sauran tarkace. Kamfanin iyalinsa ya kama wannan sana'a. Da Bafaranshe Louis Blériot ya tsallaka tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da jirgi a 1909, duniya ta ɗauka, sai kamfanin ya fitar da ɗan ƙaramin jirgin Blériot a 1910. Wannan kamfani ne daga baya ya shahara da sunan Tootsietoy.

Ƙarfen da ya canza komai

Zubin farko duk da dalma aka yi shi. Dalma na da sauƙin narkewa, amma tana da laushi, fiffiken jirgi sai ya lanƙwashe, ga ta kuma guba ce ga yaron da ke sa abin wasa a baki. Sai aka koma zinki, wato ƙarfen nan da ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. A 1929 kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ya fitar da haɗin da ake kira Zamak. Sunan ya fito ne daga haruffan farko na zinki, alminiyam, magniziyam da jan ƙarfe a harshen Jamusanci. Kusan kashi 96 cikin ɗari zinki ne, kimanin kashi 4 alminiyam, sauran kuma ɗan ƙyas. Yana narkewa a zafin da bai kai digiri 400 ba, alhali alminiyam tsantsa sai ya kai 660. Ka ga ke nan ba ya cinye mazubi da wuri. A Ingila an san shi da suna Mazak.

Da wannan ƙarfe kamfanin Meccano na Frank Hornby, da ke birnin Liverpool, ya yi suna. A 1934 ya fara sayar da kayan Dinky Toys, kuma tun a shekarar akwai jirage a cikinsu. Da yaƙi ya ɓarke, kamfanin ya sayar da ɗan jirgin Spitfire na musamman a 1940 don tara kuɗin saya wa rundunar sama jirgin gaske. Daga 1941 zuwa 1945 kuwa aka dakatar da ƙera kayan wasa, masana'antar ta koma aikin yaƙi.

Me ya sa 1:72?

In ka duba kwalin yawancin jiragen yaƙin da ake tarawa yau, za ka ga an rubuta 1:72. Ma'anarsa, kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramin na wakiltar santimita 72 a jikin babban. Lambar ta fito ne daga awon Turawan Ingila: ƙafa shida inci 72 ce, don haka mutum mai tsawon ƙafa shida zai zama inci ɗaya cif. Jiragen katako na Skybirds, waɗanda James Hay Stevens ya zana a Ingila tun daga 1932, su suka fara bin wannan awo.

Yaƙi ne ya kafa shi daram. Mai harbo jirgi daga ƙasa yana da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai ya tantance ko abin da ke tafe na gida ne ko na abokan gaba, kuma kuskure ɗaya na iya sa ya kashe ɗan'uwansa. A 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantu su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 a awon 1:72, a shafa musu baƙin fenti, don koyar da sojoji. Lissafin mai sauƙi ne: samfurin da ke nisan ƙafa 35 daidai yake a ido da jirgin gaske da ke nisan ƙafa 2,520, wato kusan rabin mil. Yaran da suka yi wannan sassaƙa sun girma da son jirage, kuma da wannan awo idonsu ya saba.

Zuwan injin jet

Jirgi mai injin jet na farko, Heinkel He 178 na Jamus, ya tashi ranar 27 ga Agustan 1939. A 1944 jiragen yaƙi biyu masu irin wannan inji suka shiga fagen daga: Messerschmitt Me 262 na Jamus da Gloster Meteor na Birtaniya. Masu kayan wasa ba su yi sanya ba, domin a 1946 Dinky ya fitar da ɗan Meteor ɗinsa. Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, inda MiG-15 na Tarayyar Sobiyat ya gwabza da F-86 Sabre na Amurka, ya ƙara sa jirage masu fiffike a karkace baya suka shiga ran yara. Ƙanin wancan MiG ɗin, wato MiG-17, shi ne aka sauke a Kano a 1967 lokacin yaƙin basasar Nijeriya.

A 1973 Matchbox ya fito da jerin Sky Busters, masu araha. Amma kasuwar kayan wasan Ingila ta fara tangal-tangal saboda tsadar aiki da gasar kayan Amurka da na Asiya, har aka rufe masana'antar Dinky ta Liverpool a 1979. Ƙira ta koma Hong Kong, daga nan ta tsallaka kudancin Sin. Mai saye ma ya canza. Yaran jiya sun zama magidanta masu albashi, suna neman abin da ya fi na ƙuruciyarsu kama da gaskiya. A 1998 Corgi ya fara jerin Aviation Archive musamman don manya, sannan kamfanoni irin su Hobby Master na Hong Kong suka biyo baya. Yanzu ana kwaikwayon jirgi guda takamaimai, da lambar jelarsa, da tambarin rundunarsa, har da sunan matuƙinsa a gefen gilashi.

Ga wani ɗan lissafi mai daɗi. Jirgin F-14 Tomcat na da tsawon mita 19 da ɗoriya, don haka ƙaraminsa zai kai santimita 26 da rabi. Tsawo ya ragu sau 72, amma girman jiki gaba ɗaya ya ragu sau 72 × 72 × 72, wato 373,248. Jirgin F-16 ba mai ba makami yana da nauyin kusan tan 9. Da za a rage nauyinsa daidai da awon, da bai wuce giram 24 ba. Na zubi ya ninka haka sau da yawa, saboda jirgin gaske kusan holoƙo ne na siraran faifan alminiyam, shi kuma zinki ya fi alminiyam nauyi fiye da ninki biyu. Nauyin nan a tafin hannu na cikin abin da masu tarawa ke biyan kuɗi dominsa.

Cutar da ke cin zinki

Yanzu mun zo wurin da gizo ke saƙa. Da yawa daga cikin jiragen da aka zuba a shekarun 1930 da 1940 sun kumbura, sun tsattsage, wasu sun zama gari a cikin kwalinsu ba tare da kowa ya taɓa su ba. Masu tarawa na kiran abin annobar zinki. Ga yadda take faruwa: idan narkakken ƙarfe ya huce, yakan daskare ne a matsayin ƙananan ƙwayoyi manne da juna. In akwai ɗan gurɓin dalma, ko kuza, ko kadmiyam a ciki, sai ya taru a kan iyakar ƙwayoyin. Da danshi ya samu shiga, sai lalacewa ta bi ta waɗannan iyakoki. Abin da take haifarwa ya fi ƙarfen asali cin wuri, sai ya riƙa ture ƙwayoyin daga ciki har jikin ya fashe.

Abin mamakin shi ne ƙanƙantar gurɓin da ke jawo wannan. Ƙa'idar masana'antu ba ta yarda dalma ta wuce kimanin kashi 0.005 cikin ɗari ba, wato giram 50 a cikin tan guda. Shi ya sa sai da aka iya tace zinki ya kai kashi 99.99 kafin Zamak ya zama abin dogaro. Guntun dalma ɗaya da ya faɗa tukunyar narki ya isa ya lalata zubin yini, kuma ba za a gane ba sai bayan shekaru. Matsalar ba ta tsaya a tsofaffin kaya ba, domin an sake ganinta a wasu samfuran da aka ƙera bayan 2000, inda aka yi sakaci da tsabtar ƙarfe.

Ba ta da magani. In ta kama, sai dai a rage mata gudu. Wannan ne ya sa ajiyar ta zama ilimi mai zaman kansa: wuri busasshe mara zafi, ƙunshin ƙwayoyin shan danshi a cikin kabad, nesa da taga domin hasken rana na kashe launin fenti yana mayar da robar gilashin matuƙi rawaya. Akan ajiye kwalin asali ma, don yana ƙara wa kaya daraja.

Saboda haka jirgin Dinky na kafin yaƙi da ya kai yau lafiya lau yana da tsada, kuma dalilin na kimiyya ne: 'yan'uwansa da yawa sun rududduge. Wanda ya tsira shaida ne cewa ranar da aka zuba shi, zinkin da ke cikin tukunya tsarkakakke ne.